Makullin Faifan CD da Gardamar Masu Hannun Jari

 Shirinmu na yau zai kai mu Amurka da Turai, tsakanin shekarar 2001 da 2007, lokacin da manyan kamfanonin waƙa na duniya suka yunƙura su sa wa faifan CD makulli don kada wanda ya saya ya iya kwafarsa. Za mu ji yadda makullin yake aiki, mu kuma ji gardamar da ta kaure tsakanin mutanen da suka zuba kuɗinsu a kamfanonin da ke ƙera shi. Wasunsu na ganin sun tsinci dami a kala, wasu na ganin iska aka sayar musu. A gyara zama.

Mu fara da faifan kansa. Kamfanoni biyu ne suka haɗa kai suka tsara shi, Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan. A 1980 suka fitar da kundin ƙa'idojinsa, wanda ake kira Jan Littafi saboda launin bangonsa, a 1982 kuma faifan ya shiga kasuwa. Duk na'urar da ke kunna CD a duniya, ta falo ce ko ta mota, ƙa'idar wannan littafi take bi. To a cikin ƙa'idar ba a rufe sautin da wani sirri ba. Waƙa tana kwance a kan faifan a fili, lambobi ne a jere, duk na'urar da ta iya karatu za ta karanta. Kuma ba sakaci aka yi ba. A wancan zamani abin da faifai ɗaya ke ɗauka ya fi ƙarfin ma'ajiyar kwamfutar gida nesa ba kusa ba, buga faifai kuwa sai masana'anta. Wa zai kwafa, da me?

Kafin shekara ashirin amsa ta zo. Kwamfutoci suka fara zuwa da na'urar buga faifai a jikinsu, faifan da ba a rubuta komai a kai ba ya yi araha, tsarin MP3 kuma ya matse waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, ta yadda za ta bi wayar intanet ta wuce. A 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, miliyoyin mutane suka shiga musayar waƙoƙi kyauta. Kotu ta sa aka rufe Napster a 2001, wasu irinsa kamar Kazaa suka maye gurbi. Cinikin waƙa a Amurka, wanda ya haura dala biliyan 14 a 1999, ya kama gangara. Hankalin masu kamfanonin waƙa ya tashi, kuma mutumin da hankalinsa ya tashi shi ne ya fi saurin sayen magani.

Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma ina so mai sauraro ya riƙe wannan, don duk labarin a kansa ya rataya. A lokacin akwai ɗaruruwan miliyoyin na'urorin kunna CD a gidajen mutane, ba wanda zai iya kiransu a sauya musu ciki. Dole faifan da aka kulle ya yi kiɗa a cikinsu kamar kowane faifai. Wato dole sautin ya zauna a fili kamar yadda Jan Littafi ya tanada. Aikin da aka ba injiniyoyi shi ne su yi faifan da rediyon falo zai karanta, kwamfuta kuma ta kasa, alhali dukansu biyu haske iri ɗaya suke haska fuskar faifan da shi, lambobi iri ɗaya suke gani.

Dabarar farko ita ce a rikita kwamfuta. Na'urar kiɗa ta gida ba ta da zurfin bincike: ta duba jadawalin farko da ke gaya mata inda kowace waƙa ta fara, ta kama aiki. Na'urar kwamfuta kuwa takan leƙa har ƙarshen faifan ta ga ko an ƙara wani sashe daga baya. Sai masu makulli suka riƙa dasa sashe na biyu a bakin faifan, da jadawalin ƙarya a ciki, kwamfuta ta bi shi ta ɓace. Wasu kuma suka riƙa zuba kurakurai da gangan a cikin sautin, irin waɗanda na'urar gida ke cikewa da kanta ba tare da kunne ya ji ba, amma in an kwafa sai a ji ƙas-ƙas a cikin waƙar.

Tun tafiya ba ta yi nisa ba aka fara tuntuɓe. A 2001 faifan mawaƙiya Natalie Imbruglia ya fita a Turai da makulli mai suna Cactus Data Shield, na kamfanin Midbar da ke Isra'ila, ƙorafi ya yi yawa har kamfanin waƙa na BMG ya yarda ya musanya wa masu saye da faifan da ba kulle. A 2002 faifan Celine Dion ya fita a Turai da makullin Key2Audio na Sony, masu wasu kwamfutocin Apple suka yi ta kukan yana maƙale musu a ciki. A cikin shekarar ce labari ya bazu cewa alƙalamin maka, irin wanda ake rubutu da shi a kan kwali, ya isa ya karya wannan makulli: a zagaya bakin faifan da baƙin tawada, sashen ƙaryar ya rufu, kwamfuta ta ga waƙa tsaf. Na'urorin mota da yawa kuma cikinsu irin na kwamfuta ne, saboda haka mutum ya sayi faifai da kuɗinsa ya sa a mota, shiru. A 2003 wata kotu a Nanterre ta ƙasar Faransa ta ba wata mata gaskiya a kan kamfanin waƙa na EMI, saboda faifan da ta saya ya ƙi yin kiɗa a motarta. Kotu ta ce kaya ne mai ɓoyayyen aibi. Shi kansa Philips, uban gidan faifan, ya fito fili ya ce waɗannan ba su cika ƙa'idar CD ba, bai kamata a buga musu tambarin CD ba.

(Ɗan kiɗa)

To yanzu mu juya wajen masu kuɗi. Me ya ja mutum mai hankali ya zuba dukiyarsa a sana'ar da alƙalamin maka ke rusawa?

Akwai dalili, kuma ba na wauta ba ne. Sun ga misali a gabansu. Kamfanin Macrovision na Kalifoniya ya yi arziki tun shekarun 1980 da makullin kaset ɗin bidiyo, wanda ke lalata hoto in an yi ƙoƙarin juyar da fim daga kaset zuwa kaset. Kamfanonin fim suna biyan sa ɗan wani abu a kan kowane kaset, kuɗi na shigowa ba tare da ya buga kaset ko ɗaya ba. Ciniki ne mai daɗi: ka ƙera abu sau ɗaya, ka yi ta karɓar la'ada. A 2002 Macrovision ya sayi fasahar Midbar don ya yi wa faifan waƙa irin abin da ya yi wa kaset. Mai lissafi kuma ya duba ya ga a shekarar 2000 kaɗai an fitar da faifan CD sama da miliyan 900 a Amurka. Mu ɗauka, don misali kawai, santi 2 ake biya a kan kowane faifai. In ka samu faifai miliyan 500, dala miliyan 10 ke nan a shekara, ba ka sayi roba ba, ba ka biya mawaƙi ba.

Abokin takarar Macrovision a wannan fage ƙaramin kamfani ne a birnin Phoenix na jihar Arizona, sunansa SunnComm, shugabansa Peter Jacobs. Hannun jarinsa ba a manyan kasuwanni ake cinikinsa ba, a ƙananan kasuwannin gefe ne, kuma kowane hannu ɗaya 'yan santi ne, bai kai dala ba. Irin wannan hannun jari ƙananan masu ajiya ke rububinsa, domin mutum da kuɗi kaɗan sai ya mallaki dubbai, yana mafarkin ranar da zai kai dala guda. Kuma irinsa labari ɗaya ke ɗaga shi, labari ɗaya ke kayar da shi.

SunnComm ya zo da dabara ta biyu, mai suna MediaMax. Maimakon a rikita kwamfuta, sai a sa mata mai tsaro a ciki. Faifan yana ɗauke da waƙoƙi a fili kamar kullum, sannan da wata 'yar manhaja a gefe. Windows na wancan lokaci yana da ɗabi'ar cewa da zarar an sa faifai, in akwai manhaja a kai, sai ya tayar da ita da kansa. Manhajar ta shiga ta zauna, daga nan duk lokacin da aka so kwafar waƙa daga faifan sai ta dagula sautin. A madadin haka tana ba mai faifan wasu kwafe na musamman masu ƙayyadadden amfani. Ka ga ke nan mai gadi ne da yake zuwa a cikin kayan da aka ba shi tsaro, kuma ba zai fara aiki ba sai wanda ake tsoron zai yi satar ya buɗe masa ƙofa ya shimfiɗa masa tabarma.

A watan Satumba na 2003 BMG ya fitar da faifan mawaƙi Anthony Hamilton a Amurka da wannan makulli. Babban kamfani, babbar kasuwa. Ga masu hannun jarin SunnComm ranar da ake jira ta zo. Ba a yi wata guda ba, a farkon Oktoba, wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Princeton mai suna Alex Halderman ya samu faifan, ya bincika, ya wallafa ɗan gajeren rahoto. Abin da ya nuna shi ne in ka danne maɓallin Shift lokacin da kake sa faifan, Windows ba zai tayar da manhajar ba, faifan ya zama kamar kowane faifai. Wannan ba wani asiri ba ne da ya tono. Microsoft da kansa ya tanadi maɓallin don haka, yana cikin bayanan Windows. Mai kwamfutar da ba ta Windows ba kuwa, galibi ko Shift ɗin ba ya buƙata.

Jaridu suka ɗauka, duniya ta yi dariya, farashin hannun jarin SunnComm ya rikito. Kamfanin da bakinsa ya ce darajarsa a kasuwa ta ragu da kimanin dala miliyan 10 cikin 'yan kwanaki, ya kuma yi barazanar maka ɗalibin a kotu, har da ambaton dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta haramta karya makullin kayan fasaha da yaɗa hanyar karya shi. Barazanar ba wasa ba ce a idon masu bincike, domin malamin Halderman, Farfesa Edward Felten, ya taɓa karɓar wasiƙar gargaɗi irin wannan daga masana'antar waƙa a 2001 kan wani bincike nasa. Amma a ce za a kai mutum kotu don ya ce a danna Shift, wannan ya fi ƙarfin kunnen jama'a. Kafin a je ko'ina Jacobs ya janye. A lura da wani abu a nan: ba a musa cewa Shift yana aiki ba. Abin da ya yi zafi shi ne an faɗa, kuma masu hannun jari sun ji.

Daga nan gardamar ta rabu gida biyu.

Masu riƙe da hannun jarinsu suka ce jama'a ba su fahimci sana'ar ba. Ba wanda ya yi alkawarin makullin da gwanin kwamfuta ba zai buɗe ba. Wanda ake nufi shi ne ɗan makarantar da zai sayi faifai ɗaya ya buga wa abokansa biyar, da uwar gidan da za ta kwafa wa 'yar'uwarta. Irin waɗannan ba sa karanta rahoton Princeton, in faifai ya ƙi kwafuwa sau ɗaya sai su haƙura. BMG ma haka ya ce: ya san da zancen Shift tun kafin a fitar da faifan, abin da yake so shi ne ɗan tudun nan da ake yi a titi don mota ta rage gudu, ba katanga ba. Sannan suka kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen ɗan kasuwa. Suka ce wa ke biyan SunnComm? Ba ɗalibi ba ne, ba ɗan jarida ba ne, BMG ne. Muddin BMG ya gamsu yana ƙara oda, to makulli yana aiki, ko da duk duniya ta san Shift.

A watan Yuni na 2004 suka samu abin nunawa. Faifan ƙungiyar Velvet Revolver mai suna Contraband, ɗauke da MediaMax, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin ciniki na Billboard, ya sayar da kwafi sama da 250,000 a makon farko. Shi ne faifai mai makulli na farko da ya kai nan a Amurka. Suka ce ga shi, masu saye ba su gudu ba.

Masu shakka kuma suka ce a tsaya. Cewa makulli bai hana faifai sayuwa ba daban, cewa shi ya sa ya sayu daban. Ƙungiyar nan tsofaffin taurarin Guns N' Roses da Stone Temple Pilots ne suka haɗu, ko a buɗe ko a kulle faifansu zai yi kasuwa. Kuma waƙoƙin suna yawo a intanet kamar na kowa. Wannan shi ne ginshiƙin hujjarsu: a zamanin intanet ba a buƙatar mutum dubu su karya makulli, mutum ɗaya ya isa. Shi ya kwafa ya ɗora, saura su sauke. Tun a 2002 wasu injiniyoyi huɗu na Microsoft suka rubuta takarda suna faɗin haka, cewa muddin akwai hanyar musaya tsakanin jama'a, kwafi ɗaya da ya kuɓuce ya gama magana. Sau da yawa ma waƙa kan fita tun kafin ranar sayarwa, daga masana'antar buga faifai ko daga kwafen da ake raba wa gidajen rediyo. Ko an toshe duk wannan, abin da kunne zai ji, na'urar ɗaukar sauti ma za ta ji.

Suka ƙara da cewa a dubi wanda makullin ke cizo. Wanda ya sauke waƙa kyauta ya samu wadda za ta shiga kowace na'ura. Wanda ya biya kuɗinsa shi ne ya samu mai sharaɗi. A lokacin na'urar iPod ta Apple, wadda ta fito a 2001, ta cika aljihun matasa, kwafen da MediaMax ke bayarwa kuwa na tsarin Microsoft ne, iPod ba ya karɓar su. Mutum ya sayi faifai na halal, ya kasa sa shi a na'urarsa ta halal, maƙwabcinsa da bai biya ko sisi ba yana ta saurare. Wane darasi ke nan ake koya wa mai saye?

Game da misalin Macrovision kuma, suka ce an manta da abu ɗaya. Makullin kaset ya daɗe yana aiki ne saboda na'urorin bidiyo suna ba shi haɗin kai, har dokar DMCA ta wajabta wa masu ƙera su yin haka. Babu dokar da ta wajabta wa kwamfuta ta yi wa makullin CD biyayya. Kwamfuta ta mai ita ce.

Mu nan ba baƙon labari ba ne a gare mu. Masu shirya finafinai da mawaƙan Hausa sun sha kuka da satar fasaha a zamanin faifai, kuma wanda ya fi cutar da su ba yaron da ya kwafa wa abokinsa ba ne, mai injin da ke buga ɗaruruwa a dare ɗaya ne. Irin wannan ɗan kasuwa ba ruwansa da makullin da ke jiran Windows ya tayar da shi. Daga baya ma faifan kansa ya zama tarihi, aka koma wajen masu tura waƙa a waya da katin memori.

To wa ya fi gaskiya? A ganina ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Na farko suna tambayar ko BMG zai ci gaba da biya. Na biyu suna tambayar ko makullin yana hana kwafi. Na farko sun ci gardama na ɗan lokaci, domin BMG ya ci gaba da biya. Amma matsayinsu yana da rami: sun jingina dukiyarsu ga tsoron babban abokin ciniki ƙwaya ɗaya, ba ga ingancin kaya ba. Kuma ba wanda zai iya raba gardamar da alƙaluma, don ba a ƙirga kwafin da ba a yi ba. Ta yaya za ka san yara nawa ne suka yi niyyar kwafa suka fasa, kuma nawa daga cikinsu suka je kanti suka saya maimakon su sauke daga Kazaa? Hatta tushen maganar masana ba su daidaita a kai ba. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Felix Oberholzer-Gee na Harvard da Koleman Strumpf, suka fitar da binciken da ya ce tasirin musayar waƙa a kan ciniki bai taka kara ya karya ba; wani masanin, Stan Liebowitz, ya yi shekaru yana musa musu. Inda babu ma'auni, farashin hannun jari sanarwa yake bi: an sa hannu a kwangila ya hau, ɗalibi ya yi rubutu ya sauka.

(Ɗan kiɗa)

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba su ba shi muhimmanci ba, shi ne kuma ya kashe sana'ar. In makullinka manhaja ce da mai kwamfuta ba ya so, to don ta yi aiki sai ta shiga ba da cikakken saninsa ba, ta ɓuya kada ya gan ta, ta ƙi fita in ya so cire ta. Waɗannan kuwa su ne siffofin manhajar ɓarna. Duk ƙoƙarin da injiniya ya yi na ƙara wa makullin ƙarfi, kusantar da shi yake yi ga ƙwayar cutar kwamfuta.

A 2004 sashen waƙa na Sony da BMG suka haɗe suka zama Sony BMG. Sabon kamfanin ya ci gaba da MediaMax, ya kuma ɗauko wani makulli mai suna XCP daga kamfanin First 4 Internet na Birtaniya. Ranar 31 ga Oktoba, 2005, wani gwanin Windows mai suna Mark Russinovich ya wallafa abin da ya gano a kwamfutarsa. Yana gwada wata manhajarsa ta farauto ɓoyayyun abubuwa, sai ya ga wasu fayiloli da suka yi layar zana a can cikin tsarin. Ya bi sawu har ya kai ga faifan ƙungiyar Van Zant da ya saya da kuɗinsa. XCP ya shiga ƙashin bayan Windows ya sauya shi ta yadda duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa na musamman ba zai ganu ba. Ba nasa kaɗai ba, na kowa. Ma'ana duk ɓarawon intanet da ya san haruffan ya samu maɓoya kyauta, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara ganin ƙwayoyin cuta da ke amfani da ita. Wanda ya yi ƙoƙarin goge manhajar da hannu kuma, na'urar faifansa kan daina aiki.

Garin neman gira aka rasa ido. Wani babban jami'in Sony BMG, Thomas Hesse, ya shiga gidan rediyon NPR ya nuna cewa tunda yawancin mutane ba su san mene ne wannan abu ba, bai ga dalilin da zai dame su ba. Maganar ta ƙara rura wutar. Hanyar cirewa da kamfanin ya fara bayarwa, Felten da Halderman suka nuna ta buɗe ramin da ya fi na farko. Microsoft ya sa sashen ɓuyan XCP cikin jerin abubuwan da manhajarsa ta tsaro ke gogewa. Masu bincike suka kuma gano cewa a cikin manhajar akwai sassan aikin wasu da aka ɗauka ba bisa sharaɗin masu shi ba. Wato makullin kare haƙƙin mallaka shi ma ya taka haƙƙin mallaka. Faifai iri 52 abin ya shafa, aka janye miliyoyin kwafe daga kantuna. Babban lauyan jihar Teksas na lokacin, Greg Abbott, ya shigar da ƙara a watan Nuwamba, wasu jihohi da ƙungiyoyi suka biyo baya.

MediaMax bai tsira ba. Halderman ya sake komawa kansa, ya nuna cewa makullin yana dasa kansa a kwamfuta tun kafin mai ita ya amince da sharuɗɗan, kuma ko ya danna cewa bai yarda ba, abin ya riga ya zauna. A watan Disamba aka bayyana cewa shi ma yana da ɓarakar da maharin kwamfuta zai iya bi ya shiga. Sony BMG ya dakatar da makullan biyu, ya biya jihohi miliyoyin daloli, a watan Janairun 2007 kuma ya sasanta da hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka, ya yarda ya biya har dala 150 ga duk wanda kwamfutarsa ta lalace garin cire manhajar.

Saura ya zo da sauri. EMI, wanda ya fi kowa dagewa kan makulli a Turai, ya daina sa shi a sababbin faifansa. A watan Fabrairun 2007 Steve Jobs na Apple ya yi kira ga kamfanonin waƙa su bar kulle waƙoƙin da ake sayarwa ta intanet ma, yana mai hujja da cewa mafi yawan waƙoƙinsu a faifan da ba kulle suke sayar da su. A farkon 2009 Apple ya sanar da cire makulli daga waƙoƙin kantinsa na iTunes. Macrovision, da yake yana da wasu hanyoyin samu, ya juya akala zuwa jadawalin shirye-shiryen talabijin, ya sauya suna zuwa Rovi a 2009. Halderman yanzu farfesa ne a Jami'ar Michigan, ya yi suna wajen binciken na'urorin zaɓe.

SunnComm kuma ya sauya suna ya koma Amergence Group. A watan Yulin 2007 Sony BMG, abokin cinikin nan da masu hannun jari suka ce muddin ya gamsu komai lafiya, ya maka shi a kotu a New York, yana cewa manhajar da aka sayar masa ba ta yi aikin da aka yi alkawari ba, yana neman diyyar dala miliyan 12.